Kawu Sittin da Motar Manaja

Yayan mahaifiyata direba ne, kuma tun ina ƙarami ban san shi da wani suna ba sai Kawu Sittin. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Sittin ɗin, domin a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana tuƙi a wani kamfanin fenti, allurar gudu ba ta taɓa wuce sittin a hannunsa ba. Ko hanya ta yi fayau babu kowa, sittin ne. Ko manaja ya makara zuwa filin jirgi, sittin ne. Idan aka matsa masa sai ya ce, "Yallaɓai, ai tun jiya suka faɗa mana lokacin tashin jirgin nan."

Da lodin gwangwanayen fenti ya fara. Daga nan aka ba shi akori-kura, sai motar ofis, har ya kai ga zama direban manaja. Gajere ne, mai ɗan tumbi, kullum da farin hankici biyu a aljihu, ɗaya na fuskarsa ɗaya na mota, kuma na motar ya fi tsabta.

Shekara tara na ƙarshen aikinsa a kan wata baƙar jif ya yi su, irin manyan nan masu tsadar gaske. Kujerunta na fata ne masu launin madara, kuma akwai maɓallin da idan ka danna sai ta ɗaga kanta sama, ka sake dannawa ta sauko. Idan ka shiga ka rufe ƙofa, hayaniyar titi sai ta ɗauke ɗif. Kawu ya san motar nan fiye da yadda ya san ɗakinsa. A ɗakin nasa sai ya tambayi Inna, matarsa, inda ya ajiye hula. A cikin jif kuwa ko allura ce ta faɗi ya san ƙarƙashin kujerar da ta gangara.

Ranar da ya yi ritaya aka haɗa ɗan taro a harabar kamfanin, aka jera kujerun roba. Ina wajen, don ni na kai Inna. Bayan jawabai, manaja ya miƙe ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

"Baba Sittin," in ji shi, "shekara tara kana goge motar nan kamar taka. Daga yau taka ce."

Aka yi ta tafi. Kawu ya karɓi makullin da hannu biyu, ya ciro hankici zai share ido, sai ya ga na motar ne, ya mayar ya ciro nasa. Inna ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Kai da ka yi karatu, tana cin mai sosai?" Na ce mata ban sani ba. Ta ce, "Fuskarta dai ta maciya ce."

Matsalar farko ba ta inji ba ce. Jif ta ƙi shiga gida, domin ƙofar Kawu an yi ta ne daidai da babur da baro. Kwana uku tana kwana a waje, Kawu bai samu sukuni ba, sai da aka kira magini ya fasa katanga ya faɗaɗa ƙofar. Da ta shiga sai ta cinye tsakar gidan gaba ɗaya. Igiyar shanyar Inna ta koma bayan ɗaki, kuma duk mai son zuwa kicin sai ya yi tafiyar kaguwa tsakanin madubin mota da bango. Inna sana'ar ƙanƙara take yi, tana da firiza uku a wata rumfa, masu shagunan lemo da masu kifi suna zuwa sari. Su ma dole suka koyi tafiyar kaguwar, da buhu a ka.

Wata huɗun farko Kawu ya ji daɗinsa. Sau ɗaya a mako yake fitar da ita, saboda Inna ta canka daidai, tankinta ba ya jin an zuba. Amma idan ya fito unguwa takan sani. Masu shago suna ɗaga hannu, mai wanki ya fara ce masa Yallaɓai. Abin da ya gagara shi ne ya saba da zama mai mota. Idan ya kai Inna unguwa sai ya fito da sauri ya zagaya ya buɗe mata ƙofar baya. Idan suka isa gidan 'yan'uwa, ita ta shiga, shi ya zauna a mota yana jira, sai an aiko an ce, "Wai Kawu ba zai shigo ba ne? Ai gidan ƙanwarsa ne."

Wata rana ya ɗauke ni zai sauke ni a makarantar da nake koyarwa, sai wata ƙaramar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Na nuna masa.

"Na gan ta," in ji shi. "Takan yi haka."

"To me ake yi idan ta yi?"

"Da can kai ta gareji nake yi, in sa hannu a takarda, kamfani ya biya."

Ya sake duban fitilar bayan ya faɗi haka, kamar yanzu ne maganar ta iso kunnensa.

Bayan mako biyu, a kan hanyar zuwa ganin 'yarsu da ta haihu, hayaƙi fari ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Inna tana baya da kwandon kayan jariri a cinya. Kawu ya gangara gefe a hankali, har da sa sigina, ya kashe mota. Inna ta ƙarasa tafiyar a tasi, shi kuma ya bi janwe zuwa gareji.

A garinmu mutum ɗaya ne ake yarda ya taɓa irin waɗannan motoci, wani bakanike da ake kira Likita saboda farar rigar da yake sawa. Garejinsa da tayil a ƙasa, da ɗakin jira mai talabijin. Ba ya buɗe bonet sai ya fara jona wa mota kwamfuta, kuma jonawar kanta kuɗinta daban. Ya duba allon ya ce famfon da ke zagaya da ruwa a inji ne ya fashe, ya kuma ja lagireto ya tsage.

"A yi masa walda mana," in ji Kawu.

"Baba, roba ce. Ba a yi wa roba walda."

"Motar da ta kai wannan tsada, a ce cikinta roba?"

"Roba ce mai tsada," in ji Likita.

Babu kayan a ƙasar, sai da aka yi oda. Mako shida Kawu yana zuwa garejin kullum da safe ya zauna a ɗakin jira, har ya san labarin duk wani shiri da ake yi a talabijin ɗin. Kuɗin gyaran ya lashe kusan rabin giratutinsa. Da ya dawo da ita gida ya ce wa Inna, "Shi ke nan, yanzu ta zama sabuwa."

Sabuntar wata uku ta yi. Daga nan ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, tana shan baƙin mai kamar shayi. Likita ya ce tobo ne, wato abin da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi, kuma biyu ne a motar, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Kawu ya ce shi bai taɓa buƙatar ƙarfin ba, a cire su duka a huta. Likita ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya ko za a iya cire wa mutum huhu. A wannan karon babur ɗin Kawu ne ya tafi.

Tsakanin wannan gyara da na gaba kuma ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Jakunkunan iskar da ke ɗaga ta suka fara yoyo, sai a wayi gari a same ta ta durƙusa a gefen hagu kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Masu sarin ƙanƙara idan sun shigo sai su ce, "Inna, yaya mai jiki?" Ita kuma ta amsa, "Da sauƙi, jiya ma ta ɗan tashi." Kawu yana jin su daga ɗaki.

Na uku shi ne na sarƙa. Idan ya tayar da ita da safe sai a ji wani ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Likita ya ce sarƙar cikin inji ce ta saki. Kawu ya ɗan ji sanyi, don ya san sarƙa ba wani abu ba ne. Sai Likita ya bayyana masa cewa waɗanda suka ƙera motar sun sa sarƙar a bayan inji, inda hannu ba ya kaiwa, don haka sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a gan ta.

"Su da suka yi ta, ba su san za ta lalace ba?"

"Sun sani, Baba. Sun dai ɗauka kafin lokacin mai motar ya sayar ya sayi wata."

Kawu yana da ɗan fili a bayan gari wanda ya daɗe yana cewa zai gina ɗakuna biyu na haya. Ya sayar da shi bai yi shawara da kowa ba. Wannan kam bai ba Inna dariya ba. Kwana biyar tana ajiye masa abinci ba tare da ta ce uffan ba, kuma a gidan da aka saba jin muryarta tun daga bakin titi, shirun ya fi faɗa nauyi. Mahaifiyata ta je ta same shi ta ce, "Yaya, kai da kowa ke zuwa neman shawara wajenka?" Ya sunkuyar da kai yana juya makullin a hannu. Ya ce, "Na riga na zuba da yawa, idan na tsaya yanzu duk ya tafi a banza."

Bayan gyaran sarƙar da kwana arba'in, a tsakiyar shataletale, da rana tsaka, injin ya buga. Ƙara ɗaya ta yi ta tsaya cak. Sai da masu sayar da jarida da wani ɗan sanda suka taru suka tura ta gefe. Likita ya buɗe ya nuna wa Kawu wani rami a jikin injin wanda dunƙulen hannu zai shiga. Ya ce babu sauran gyara sai sabon inji, kuma kuɗinsa zai sayi ƙananan motoci biyu. Kawu ya kira janwe. Ya sa aka ja ta zuwa gida.

Wata bakwai ta yi a tsakar gida. Kullum da safe yana wanke ta, ya goge ta tas, sannan ya shiga ya zauna a mazaunin direba yana sauraron rediyo, har batir ya mutu ya koma shiga da ƙaramar rediyonsa. Ya rame, ya rage fita. Inna ta huce ta koma tsokanarsa, amma ya daina ramawa, kuma hakan ya fi damunta fiye da filin.

Ana cikin haka manaja ya zo gaishe shi. Shi ma ya ajiye aiki a lokacin, ya zo a wata ƙaramar mota da kansa yake tuƙawa. Ya bi ta tsakanin madubi da bango a karkace, aka ba shi kujera a inuwa. Ya daɗe yana kallon jif ɗin a durƙushe.

"Baba Sittin, akwai maganar da ta daɗe tana damuna," in ji shi. "Lokacin da na ba ka motar nan, gareji sun riga sun rubuto mana cewa injinta ya kusa. An so a sayar, ba a samu mai saye da daraja ba. Na ga kana sonta, na ce bari in ba ka. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Ka yafe mini."

"Yallaɓai," in ji Kawu, "wa ya karɓo takardar daga gareji ya kawo maka ofis?"

Manaja ya dube shi.

"Ni na karɓo. Kuma tun kafin su rubuta na sani, shekara guda ina jin ƙarar a ƙafata."

"To me ya sa ka karɓa?"

"Shekara tara ina tuƙa ta zuwa inda wani yake so. Na so in ga yadda take idan ni na zaɓi hanya." Ya dubi jif ɗin. "Kuma na ɗauka ni ba za ta yi mini haka ba."

Inna tana bakin kicin tana jin su. Ta ce, "Ashe ku biyun duk kun sani, ni kaɗai aka bari da tafiyar kaguwa." Manaja ya yi dariya har da tari, Kawu ma ya yi, karo na farko cikin watanni.

Wanda ya kawo mafita wani tsohon abokin Kawu ne tun zamanin akori-kura, bakanike da ake kira Mai-Kunne, saboda ba ya amfani da kwamfuta, sukundireba yake kafawa a jikin inji ya ɗora kunnensa a kan mariƙin. Garejinsa ƙarƙashin wata bishiya ne da rumfar kwano. Ya zo ya leƙa cikin bonet, ya auna da igiya, ya ce akwai wata motar kai burodi da ta yi hatsari, jikinta ya tashi aiki amma injinta lafiya lau, da giyarsa da komai. Idan aka yi 'yan dabaru zai zauna.

"Injin motar burodi," in ji Kawu. "A cikin wannan."

"Shi dai yana tashi," in ji Mai-Kunne.

Kawu ya ce a bar maganar. Inna ce ba ta bar ta ba. Da yamma ta same shi a cikin motar, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban yara, ni zan sayi injin nan da kuɗin ƙanƙarata. Amma da sharaɗi. Masu sari sun gaji da ɗauka a ka, wasu sun koma wajen mai kai musu har shago. Kai direba ne, ga mota. Kullum da safe za ka kai mini kaya."

"Ƙanƙara a kan kujerun fata?"

"Zan shimfiɗa tamfol."

Ya ce zai yi tunani. Ya yi kwana biyu yana tunanin, a rana ta uku aka ga janwe a ƙofar gida.

Mako uku Mai-Kunne ya yi yana fama. Ya yanke nan, ya yi walda can, ya cire jakunkunan iskar ya sa sifirin na ƙarfe, ya huda ƙasa ya fito da sandar giya a inda ake ajiye kofi a da. Ranar da aka tayar, duk fitilun gargaɗin da ke motar suka kama lokaci guda, ja da ruwan ɗorawa, don kwamfutarta tana ta neman injinta ba ta gan shi ba. Mai-Kunne ya yanko baƙin salatif ya liƙe su. Ya ce, "To, ta daina ƙorafi." Likita ya ji labari ya zo da kansa ya gani. Ya leƙa, ya ga ɗan injin zaune a tsakiyar wannan babban fili, har mutum zai iya tsayawa a gefensa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce wa Kawu don Allah kada ya gaya wa kowa cewa motar ta taɓa shiga garejinsa.

Yanzu shekara biyu ke nan, kuma ban da baƙin mai da fulogi ba a canza mata komai ba. Ƙararta ta koma irin ta injin niƙa, ana jin tahowarta tun daga kwana. Maɓallan ciki rabinsu ado ne. Amma ƙarfe bakwai na safe Kawu yana kan hanya, da buhunan ƙanƙara goma sha biyu a baya, yana bi shago-shago har kasuwar kifi. Inna ta ƙara firiza ta huɗu. Tana biyansa kuɗin kai kaya duk mako, kuma yana karɓa, har yakan yi ƙorafin ƙarin albashi. Ƙibarsa ta dawo. Mai wanki ya daina ce masa Yallaɓai, amma masu kifi suna ajiye masa kifi mai kyau.

Watannin baya yana gidan mai, sai wani matashi mai sayar da wayoyi ya zagaya motar sau biyu, ya zo ya gaishe shi.

"Baba, irin wannan nake son saye, na samu wata ta hannu da araha. Me za ka ce?"

Kawu ya fito, ya buɗe bonet, ya ce masa ya leƙa. Sannan ya jingina da mota ya ba shi labari tun daga famfon roba har zuwa ramin da ke jikin inji, bai tsallake ko ɗaya ba. Minti arba'in yana magana, ruwan ƙanƙara yana ɗiga ta ƙofar baya, Inna tana ta kira a waya. Matashin ya saurara da ladabi, ya yi godiya sosai, ya ce Allah ne ya haɗa su.

Bayan mako biyu ya sayi motar. Fara ce, kuma Kawu ya ce ta fi tasa kyau. A watan jiya Kawu ya ga matashin zaune a kan benci a garejin Mai-Kunne, ya zo tambaya ko akwai sauran motar burodi. Mai-Kunne ya ce babu a yanzu, amma ya bar lambarsa. Kawu ya matsa masa wuri a inuwa, ya aika aka kawo musu shayi.